Ranar da Mai Faci Ya Kankare Fentinsa

A bakin titin da ya miƙe zuwa babban asibiti akwai wata rumfar kwano, da tsohuwar taya rataye a goshinta. Nan Mai Faci ya yi shekara arba'in da ɗaya yana gyaran keke. Sunansa na gaskiya yana nan a katin shaida cikin aljihu, amma ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, da tabarau wanda ya ɗaure wa ƙafa guda da wayar birki. Ya shiga sana'ar yana da shekara sha biyar, a hannun wani maigida mai zafin rai, wanda in faci ya karkace sai ya ɓare shi ya ce a sake, ko da tayar ta daina sacewa. Maigidan ya daɗe da rasuwa, amma halinsa bai bi shi kabari ba, ya tare a jikin Mai Faci.

To, halin nan shi ne cutarsa, kuma ba a sayar da maganinta a kemis. Ba ya iya barin aiki ya fita daga hannunsa da muni. Ka kawo keke don ya sa maka iska, sai ka tsaya rabin awa yana goge maka sarƙa. Ka ce sauri kake yi, ya ce saurin naka ne, amma keken daga rumfarsa za a ga ya fito. An taɓa ganinsa ya bi wani mai tallan burodi da gudu har kwana, da tsumma a hannu, don kawai ya hango ɗigon giris a bayan sirdi. Mutane suna yi masa dariya, kuma su dawo gobe da kekunansu. Da hannun nan ya gina ɗaki biyu, ya sa 'ya'ya huɗu a makaranta har suka gama.

Shekara shida da suka wuce, wata safiya matarsa tana shanya wanki sai rigar ta suɓuce daga hannunta, bakinta ya karkace. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Gimbiya yake ce mata tun suna sabbin aure, saboda yadda take son a yi mata hidima, ashe hidimar gaske tana gaba. Sau uku a mako sai an kai ta asibiti motsa jiki, kuma goya ta yake yi daga ɗaki zuwa bakin titi, daga ƙofar asibiti zuwa can ƙarshen baranda. Bayansa ya fara magana, shi kuwa bakinsa bai ce uffan ba. Wata ma'aikaciya ce ta tausaya, ta ce ya je bayan kantin magani ya nemi Sista.

Sista tsohuwar nas ce da ta yi ritaya ta kasa zama. Doguwa ce, mai murya, wadda in ta ce maka sannu sai ka ɗauka laifi ka yi. Ta kama ɗaki ɗaya ta kafa ƙungiyar taimakon masu shanyewar jiki. Ƙungiya dai, sunan ya fi ta girma. Tebur ɗaya, benci biyu, da gwangwanin gudummawa wanda iska ta fi yawa a cikinsa. Aikinsu shi ne ba da aron keken marasa lafiya da sandunan dogarawa, da bin gidaje ana koya wa dangi yadda ake juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo. Kekunan duk tsintuwa ce da kyauta, wani asibiti ne ya yar, wani dangi ne suka kawo.

Ta jawo masa wani keke daga bayan ƙofa, ƙafa ɗaya na rawa, mazaunin ya yage.

"Shi kaɗai ya rage, Malam. Ka lallaɓa shi."

Mai Faci ya dubi keken nan kamar an zage shi. Ya tura shi gida. Bayan wata tara Allah ya ba Gimbiya sauƙi, ta miƙe tana dogara sanda, shi kuma ya mayar da keken aro. Sista ta zagaya shi sau biyu ta ce wannan ba nasu ba ne, ya mayar inda ya ɗauko. Sai da ya nuna mata lambar da ta rubuta da hannunta a ƙarƙashi sannan ta yarda. Daga ranar nan ta riƙe shi ba ta sake shi ba, shi ma kuma bai nemi a sake shi ba. Duk Asabar yana can da sufana da famfo, ba albashi, ba lada sai ta Allah.

Kekuna sha huɗu ƙungiyar take da su, duka suna gidajen mutane. A bangon ɗakin kuma akwai takarda mai sunayen masu jira, mutum talatin da ɗaya. Mai Faci ba ya son kallon takardar nan, domin sunan da ke sama na Malama ne, wadda ta koyar da 'ya'yansa huɗu a aji ɗaya na firamare. Wata takwas ke nan tana kwance a ɗaki, ba ta ga ko ƙofar gidansu ba. Ya taɓa gwada ƙera mata keke daga bututun ruwa, Sista ta zauna a kai ya lanƙwashe, ta ce ba za ta ɗora majinyaciya a kan wannan ba ko da zai yi fushi. Ya yi fushin na kwana biyu, ya kuma san gaskiya ta faɗa.

Sista kuwa ba ta gajiya da rubuta wasiƙun neman tallafi. Ta rubuta wa kamfanoni, ta rubuta wa masu hali, wasu su amsa da addu'a, wasu ko addu'ar babu. Sai ga shi wata Litinin da hantsi an ganta tana keta titi da waya a sama, mayafi na jan ƙasa, tana kiran Mai Faci tun daga nesa.

"Malam! Malam! Ajiye tayar nan! Sun amsa!"

"Su wa?"

"Gidauniyar nan da na rubuta wa sau huɗu. Kekuna arba'in, sababbi fil! Za su aiko wakiliya ta duba ƙananan ƙungiyoyi biyar, inda buƙata ta fi yawa nan za su kai. Alhamis ta sama tana nan tafe!"

Mai Faci ya miƙe, tub ɗin tayar da ke hannunsa ya faɗa cikin kwanon ruwa. Arba'in! Ya ce ta sake faɗa, ta sake. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, kamar da ido ake jin magana. Mai walda na rumfar kusa ya kashe injinsa, mai kushin ya leƙo da allura a baki, kafin azahar duk layin ya san labari. Ranar nan duk wanda ya zo sa iska kyauta ya sa.

Ana cikin murna sai 'yar Sista ta haihu a wani gari, haihuwar fari, dole ta tafi. Ta danƙa masa makulli ta ce ranar Alhamis da safe za ta dawo.

"Ka share ɗakin kawai, Malam. Shara kawai na ce."

Ya ce to. Ya kuma share, har da yanar gizo-gizo. Amma yana cikin sharar sai wani tunani ya shige shi. Baƙuwa za ta zo daga babban ofis, za ta ce a nuna mata kekunan ƙungiya, za ta tambaya wa ke gyara su. Ya tuno keken wani tsohon direba, mai tsatsa har wuya. Ya tuno na mai sayar da gawayi, wanda ba a gane ainihin launinsa. Ya tuno tabon walda, da facin tamfol, da igiyar roba. Duk aikinsa ne, kuma haka baƙuwa za ta gan shi.

Ran Litinin ya ari amalanke ya shiga gida gida. Ya ce wa kowa kwana uku kacal, a ba shi keken zai dawo da shi kamar daga kanti. Wasu suka yi murna, wasu suka yi gunaguni. Tsohon direba ya ce shi da ke fita shan iska kullum da yamma ina za a kai shi, Mai Faci ya ce ya yi haƙuri, don amfanin kowa ne. Ya tattaro sha huɗun nan kaf ya jere a bayan rumfarsa, ya sallami masu kekunan hawa ya ce su dawo Jumma'a.

Kai, ka so ka ga layin nan a kwana ukun nan! Zazzaɓin ya kama kowa. Mai walda ya goge tsoffin tabo da injin goge ƙarfe har suka yi sumul. Mai kushin ya fito da ragowar baƙar leda ta kujerun mota ya ɗinka mazaunai sababbi, ya ce kada a yi masa maganar biya. Mai Faci kuwa ya ƙarar da samfefa wajen goge tsatsa har yatsunsa suka yi ja, ya shafa baƙin fenti a jiki, ruwan azurfa a ƙafafu, shafi biyu biyu. Ya sa giris a boris ɗin kowace ƙafa. Yana aiki yana waƙa, shi da muryarsa ba ta da daɗi ko a kiran mai ruwa. Gimbiya ta dogaro sanda ta kawo masa abinci ran Laraba, ta tsaya tana kallon kekuna suna sheƙi a rana.

"Anya, Baban yara? Ni na ɗauka rashinku mutanen nan za su zo gani."

"Rashi daban, ƙazanta daban, Gimbiya."

"To, Allah ya sa haka ita ma baƙuwar ta karanta."

Ya yi dariya ya ce ta bar maganar keke ga masu keke. Ta taɓe baki ta ajiye kwano, ta ce ya dai ci kafin ya huce.

Alhamis da safe ya jere su a ɗakin ƙungiya, bakwai dama bakwai hagu, ya daidaita ƙafafunsu da igiya don kada wani ya fi wani fitowa. Ya sa rigarsa mai kyau. Motar Sista ta makara, daga tasha ta zarce da jakarta a hannu, saura minti goma baƙuwa ta iso. Ta tura ƙofa, ta tsaya cak. Warin fenti ya tare ta.

"Malam, mene ne wannan? Na wa ne waɗannan?"

"Namu ne mana! Duba lamba ki gani."

"Masu su fa?"

"Suna gida. Yau za a mayar."

Sista ta ɗora hannu a ka. Ta buɗe baki za ta yi magana sai ga ƙarar mota a lungu.

Wakiliyar gidauniya matashiya ce, sa'ar autar Mai Faci, da tabarau da fayil a hammata. Ta gaishe su da ladabi, ta shigo, ta ga abin da ke ɗakin ta ce, "Masha Allah." Ta bi kekunan da biro ɗaya bayan ɗaya.

"Sha huɗu. Duk a ajiye suke, Baba?"

Mai Faci ya turo ƙirji gaba. Wannan ne lokacin da ya yi kwana uku yana jira.

"Kowanne lafiyarsa ƙalau, 'yata. Tura ki ji. Ko ƙara ba za ki ji ba."

Ta tura ɗaya, ya sulale har bango ba ko ƙis. Ta jinjina kai ta rubuta wani abu. Sista ta shiga tsakani tana nuna takardar bango, tana cewa kekunan suna da masu su, ga kuma talatin da ɗaya suna jira. Wakiliya ta saurara, amma idonta yana kan kekuna. Wanda ya saba yawon duba ƙungiyoyi ya sha ganin dogayen takardu a bango, kuma abin da idonta ya gani shi ne kaya sababbi babu kowa a kai.

"Mama, na ji ki. Amma jiya na je wata ƙungiya, kekuna uku gare su, biyu da igiya aka ɗaure. Ku kam Allah ya rufa muku asiri. Za mu duba, in da hali a zagaye na gaba."

Ko ruwan da aka kawo mata ba ta shanye ba. Minti sha biyar ta yi, ta rufe fayil ta yi sallama.

Mai Faci yana tsaye da sauran murmushi a fuska, bai gama fahimta ba. Sista ta zauna a benci, ta cire takalmi ɗaya, ta dube shi.

"Shekara biyu ina rubuta wa mutanen nan, Malam. Ka kashe mu da fenti."

Sai a lokacin maganar ta sauka. Ya dubi kekunan, ya dubi bango, idonsa ya faɗa kan sunan farko. Malama za ta ci gaba da kallon rufin ɗaki, ita da mutum talatin, ba don gidauniya ta yi rowa ba, sai don wani tsoho ya ji kunyar a ga tabon walda. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya ji kamar ya tsaga ƙasa ya shige.

Amma lungun bayan kantin magani matsattse ne, mota ba ta juyawa a ciki, sai da baya da baya ake fita. Ya ji direban wakiliya yana ta fama. Bai san lokacin da ya suri keken farko ba. Ya zaro wuƙar kankare fenti daga aljihu ya fita a guje, babbar riga na kaɗawa, mutum mai shekara hamsin da shida yana tura keke ba kowa a ciki yana ihu.

"Tsaya! Direba, tsaya don Allah!"

Ya sha gaban motar daidai bakin titi ya dasa keken a tsakiya. Direba ya taka birki ya leƙo zai yi faɗa, wakiliya ta riga shi fitowa.

"Baba, lafiya?"

"Ba lafiya ba, 'yata. Ƙarya na nuna miki. Minti biyar nake roƙo."

Ya kifa keken, ƙafafu sama. Ya ɗora wuƙa a kan fentin da ya shafa da hannunsa jiya jiya, wanda ko gama bushewa bai yi ba. Hannunsa ya tsaya. Mai walda da mai kushin sun riga sun iso, mutane sun fara taruwa. Ya cije leɓe ya ja wuƙar. Fenti ya nannaɗe ya faɗi, tsohon ƙarfe ya fito, ja da tsatsa, da tabo a jere.

"Duba nan. Walda ɗaya, biyu, uku, huɗu, duk a wuri guda. Ƙarfen ya cinye, ba sauran inda wuta za ta kama. Wannan babbar ƙafar ta keken hawa ce, na datse. Ƙaramar ta gaba daga tsohon janareta na ciro, shi ya sa ba ta kai 'yar'uwarta ba. Matakin ƙafar nan faranti ne na gidana. Ɗaga ledar nan ki ga." Ya farke ɗinkin mai kushin, wanda ya runtse ido kamar shi aka yanka. "Bel ɗin mota ne a ƙasa, guda biyar na saƙa. Keken nan ya girme ki, 'yata. Wata uku na ba shi, in ya kai huɗu to ikon Allah ne. Kuma ranar da zai karye, da mutum a kai zai karye."

Shekara arba'in da ɗaya yana sana'a, ba a taɓa jin ya kushe aikin hannunsa ba sai ranar nan, a tsakiyar titi, a gaban maƙwabta. Bai kuma tsaya nan ba. Ya ce a kawo na biyu. Sista da kanta ta turo shi, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya kifa ya kankare. Ya ce a kawo na uku. Wakiliya ta tsuguna da siket ɗinta mai tsada ta sa yatsa a ramin da tsatsa ta ci, yatsar ta wuce.

"To, Baba, me ya sa ka yi musu fenti?"

"Don kada ki ce mai gyaransu bai iya aiki ba."

Wani a cikin taron ya tuntsire da dariya, mai walda ya harare shi. Ita ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta karkaɗe gwiwa.

"Masu su suna ina yanzu?"

"Suna gida a kwance. Kwana uku ke nan na raba su da ƙafafunsu don in burge ki."

Wakiliya ta dubi agogo. Ta ɗauki waya ta koma gefe, aka ji tana cewa a gaya wa ƙungiya ta gaba sai bayan la'asar. Ta dawo ta ce a zuba kekuna uku a bayan motarta, sauran a amalanke, tana so ta ga inda kowanne zai koma.

Haka aka yi jerin gwano a unguwa, mota a gaba a hankali, amalanke a baya, mai walda na turawa, Sista na nuna hanya da murya. Kowane gida aka shiga, wakiliya sai ta ga mutum a kan tabarma ko katifa, da dangi suna jiran keke kamar ruwa. Tsohon direba ya ga nasa da rabin fenti a kankare, ya ce, "Kai, Mai Faci, kwana uku ka hana ni shan iska, ashe zane ka je yi masa?" Aka kwashe da dariya har da wakiliya. Fayil ɗin nan da aka rufe ɗazu ya sake buɗuwa, biro bai huta ba.

A hanya ta tambaye shi yadda masu jira suke samun nasu, tunda babu sabo da ke shigowa. Ya ce hanya biyu ce kawai keke ke dawowa ofis. Ko mai shi ya miƙe, kamar matarsa, ko a wayi gari dangi su turo shi ba kowa a kai. Ta tambaya wanne ya fi yawa. Ya ce kada ta sa shi ya faɗa.

Da kekuna suka ƙare ya ce saura gida ɗaya, ko da yake babu abin da za a kai. Malama tana kwance kusa da taga, an tsefe mata kai, littafi a kife a ƙirjinta. Bakinta ya ɗan karkace amma maganarta tana fita. Ta tambayi Mai Faci 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ba ya iya rubuta takwas sai ya haɗa sifiri biyu. Ta tambayi wakiliya makarantar da ta yi. Ba ta roƙi komai ba. Da za su fita ne kawai ta ce, in ba damuwa a bar mata ƙofa a buɗe, tana jin muryar 'yan makaranta in an tashi.

Wakiliya ba ta yi alkawari ba. Ta ce za ta rubuta abin da ta gani, sauran na manyanta ne.

Mako uku Mai Faci ya yi ba ya jin daɗin komai. Ko wayar wani ta yi ƙara sai ya zabura. Gimbiya ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba, sai dai duk lokacin da ta miƙa masa abinci ta tambaya ko a shafa wa kwanon fenti. Sista ma ta daina gaishe shi da Malam, sai Mai Fenti.

Ran wata Talata da hantsi wata babbar mota ta tsaya a bakin lungu ta toshe hanya. Direban ya sauko da takarda yana tambayar ƙungiyar masu shanyewar jiki. Kekuna ashirin da shida, kowanne a kwalinsa! Da akwatin tayoyi da boris na canji, da wasiƙa mai cewa gidauniya tana roƙon mai gyaran ƙungiyar ya koya wa mutum biyu daga kowace ƙungiya aikin, domin sun gaji da raba kekunan da ke mutuwa a shekara biyu. Sista ta karanta da ƙarfi a tsakiyar titi, ta kai ƙarshe ta koma farko. Mai kushin ya rungume mai walda. Mai kantin magani ya fito da katan ɗin ruwan sanyi yana rabawa. Gimbiya ta ɗaga sandarta sama tana juyi da ƙafa ɗaya, ana riƙe ta tana ture hannu. Ashirin da shida ba talatin da ɗaya ba ne, Sista ta faɗa tana share ido, amma biyar ɗin da suka rage ta san wanda za ta rubuta wa gobe.

Mai Faci bai tsaya shan ruwa ba. Ya farke kwalin farko, ya buɗe keken, ya gwada birki, ya juya ƙafafu ya saurara. Bai sami abin gyara ba, abin har ya ɗan ba shi haushi. Ya tura shi ya miƙi hanya, rabi tafiya rabi gudu, mutane na yi masa barka yana amsawa da ka.

Ƙanwar Malama ce ta buɗe masa, ta ga abin da ya turo ta toshe baki da hannu. Ya yi sallama ya shiga da keken har gaban gado.

"Malama, tashi. Yau za ki ga titi."

Malama ta juyo da kai. Ta dubi keken, fuskarta ba ta saki ba. Ta yi magana a hankali.

"Wa ya rasu?"

Mai Faci ya durƙusa a gefen gadon. Ya kamo hannunta mai lafiya ya ɗora a kan mazaunin, inda ledar kamfani take manne ba a ɓare ba.

"Ba wanda ya rasu, Malama. Ba wanda ya taɓa zama a kai. Naki ne."

Ta shafa ledar da yatsu, ta sake shafawa. Hawaye ya gangaro ta gefen da ba ta iya sharewa, ƙanwarta ta goge mata da bakin mayafi.

"To me kuke jira?" in ji Malama. "Ku ɗaga ni. An kusa tashi daga makaranta."